Yadda Injiniya Ya Kori Laima

"Ka mayar da ita inda ka ɗauko ta."

"Ba zan mayar ba. Ko kai ka haife ta, Baba Tawada, yau a baranda za ta wuni."

"Mutanen kamfani ne suka ajiye ta a ɗakin nan. Da bakinsu suka ce kada a kashe ta."

"Mutanen kamfani. To ni daga ina na fito? Shekara goma sha ɗaya ina kamfani, ba wanda ya taɓa shiga ko fita ban sani ba."

Wannan kam gaskiya ne, don a da shi ne mai gadin ƙofar wani kamfani. Sai dai Injiniya ba ya son a tsawaita magana a kan wannan ɓangaren. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya jera biro uku a aljihun gaba, ya sayi tabarau yana ɗora shi a goshi, har mutane suka gaji suka bi shi a haka.

Abin da suke ja-in-ja a kai wata farar na'ura ce mai ƙananan tayoyi, tsayinta bai wuce ƙugu ba. Kamfanin da ya kawo wa madaba'ar sabon injin buga littattafai ne ya bar ta, don ta riƙa tsotse laimar ɗakin. Damina ta yi nisa, bangon ɗakin inji har gumi yake, simintin ƙasa kuwa in ka taka sai ka ga sawunka. Mutanen kamfanin sun ce bayan kwana goma za su turo wanda zai duba. In inji a bushe yake, a sa hannu a takardar garanti a fara aiki. In kuwa laima ta taɓa shi, ba ruwansu.

Mai-madaba'a ƙanwar matar Injiniya ce. Da tafiya ta kama ta zuwa wajen 'yarta da ta haihu, yayarta ta sa ta a gaba da roƙo har ta miƙa masa makullin ɗakin. "Yaya," ta ce, "in aka sa hannu a takardar nan, makulli ya zama naka. In ba a sa ba, ƙofar madaba'a ma tana neman mai gadi." Tun ranar ya zura makullin a igiya ya rataya a wuya, a saman riga, inda kowa zai gani.

Ya durƙusa ya zaro tankin na'urar, ya kai shi har hancin Baba Tawada, tsohon da ya fi shekara talatin yana tuƙa injin bugu har faratansa suka manta launinsu.

"Duba nan. Jiya da na kulle ɗakin nan, kwanon nan a bushe yake ƙarau. Yanzu fa?"

"Ruwan da ke cikin iska ne ta tara."

"Iska? Baba, shekararka nawa kana shaƙar iska, ka taɓa ƙwarewa? Ka taɓa ganin an ɗebi iska an yi wanka? Wannan abu rijiya ce mai waya. Ana gudun ruwa a ɗaki, an kawo mana mai haifar ruwa, kai kuma kana mata fada."

Allura, mai ɗinkin littattafai, ba ta ko ɗago daga teburinta ba. "In rijiya ce ka kai mana gida, Injiniya. Famfonmu yau kwana uku ko tari bai yi ba."

Injiniya ya mayar da tankin mazauninsa. Ya gangaro da na'urar baranda, ya jawo mata doguwar waya ya kunna, don duniya ta shaida. A waje kuwa ana yayyafi, sai na'urar ta samu abin da take so. Kafin yamma ta cika tanki sau uku. Duk cikawa sai ya ɗaga tankin ya nuna wa masu wucewa. Mai-guga, wanda shagonsa na gugar tufafi ke manne da madaba'ar, ya gano ruwan ba ya bar wa farin kaya tabo, ya kawo bokiti ya ajiye.

Sai babban shiri. Injiniya ya sayo leda mai faɗi, irin wadda ake rufe kaya a mota, da salatif naɗi takwas. Ya naɗe injin tun daga ƙeya har ƙafafu, ya ja ledar ƙasa ya liƙe ta da simintin, ya bi kowace kafa ya toshe. Da ya gama ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Ko sauro bai isa ya shiga ba, balle laima."

"Wadda ke ciki fa?" in ji Baba Tawada. "Ta ina za ta fita?"

"Wa ya ce akwai a ciki?"

"Ƙasar da ka rufe tare da shi jiƙe take. Katako ake sa wa inji a ƙarƙashi, a bar iska tana kewayawa."

"Ƙasa tana ƙasa, inji yana sama. Kowa da gidansa. Baba, kai ka iya tuƙi, ban hana ka ba, amma lafiyar inji fanni ne."

Washegari da ya buɗe ɗakin, cikin ledar ya yi fari fat da raɓa. Ɗigo na taruwa a sama, yana gangarowa, yana sauka tsulum a kan rodin ƙarfen da ke jan takarda. Ya ji takun Allura a bayansa, sai ya gyara murya.

"Madalla. Abin da nake jira ke nan. Laimar da ke jikin ƙarfen ce take fita. Ba ki ga mai zazzaɓi ba in an lulluɓe shi?"

"Allah ya ba shi lafiya," in ji ta. "A dafa masa ruwan zafi ko ya fara cin abinci?"

Yana goge ledar da hankici sai ya tuna ƙorafin matarsa, cewa duk damina gishirinta sai ya dunƙule ya jiƙe a gwangwani. Ai ga magani a gida ana ta wahala. Gishiri ɓarawon laima ne, in ya gan ta sai ya kama. Kafin rana ta take ya kwashe kwanukan da Allura ke dama gam, ya cika goma sha biyu da gishiri, ya ɓalle ledar ya jera wasu a ƙasa, wasu a kan injin, ɗaya ma a kan farantin da takarda ke sauka. Ya sake liƙewa.

"Gishiri da ƙarfe?" Baba Tawada ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Ba a jikinsa na zuba ba, a kwano ne. Ka taɓa ganin gishiri ya fito daga kwano da ƙafarsa?"

Rana ta uku gishiri ya fito daga kwano da ƙafarsa. Ya narke ya zama ruwa, kwanon da ke kan farantin ya cika ya tumbatsa, ya bar wata doguwar jar tsatsa kamar sawun katantanwa. Injiniya ya dirje ta da hankici, ta ƙi. Ya tofa yawu ya sake dirzawa, ta ƙara faɗi. Ya waiga hagu da dama, ya ciro tsohuwar kalanda daga bango ya shimfiɗa a kai.

Nan ya gane lallashi ba zai yi ba. Mene ne maƙiyin ruwa tun farkon duniya? Wuta. Ya aro kurfoti biyu, ya cika su da gawayi, ya buɗe gefen ledar ya ajiye ɗaya gabas ɗaya yamma. Ya rufe tagogi da ƙofa don kada zafin ya tsere. Gawayin damina ne, ya sha ruwa, maimakon ya kama sai ya shiga hayaƙi. Injiniya ya tsuguna yana fifita da kwali, idanu na zubar da hawaye, yana gaya wa kansa haƙuri shi ne rabin sana'a.

Hayaƙin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar taga ya fita titi. Mai-guga na cikin goge rigar wani sai ya hango.

"Gobara a madaba'a!"

Bai tsaya neman wani ruwa ba. Ya suri bokitin da ya cika daga na'urar baranda, ya bangaje tagar da kafaɗa, ya watsa da iya ƙarfinsa. Haka ruwan da Injiniya ya kora ta ƙofa ya dawo masa ta taga. Rabi ya sauka a kan garwashi, ɗakin ya turnuƙe da tururi da toka. Sauran ya bi ta inda aka buɗe ledar ya shige akwatin lantarki, inda duk wayoyin injin suke taruwa. Maƙwabta biyu ma suka ƙara nasu bokitin, don kada a ce ba su taimaka ba.

Injiniya ya fito yana tari, toka har cikin kunne, biro ɗaya ya fashe ya yi masa taswira a ƙirji.

"Wane ne ya watsa? Wa ya aike ka?"

"Ranka na ceta, maƙwabci."

"Ka tambaye ni ina son ceto? Ina tsakiyar gwaji ka shigo mini da jahilci."

"Yi haƙuri," in ji Mai-guga. "Gobe in na ga hayaƙi zan ƙwanƙwasa in tambaya ko na ilimi ne."

Baba Tawada ya ce a kira Mai-madaba'a. Injiniya ya ce macen da ke jinyar mai jego ba a ɗaga mata hankali da ƙananan abubuwa. Tsohon ya ce to a cire ledar nan gaba ɗaya, a buɗe akwatin, a kunna fanka, a dawo da na'urar. Injiniya ya kama makullin wuyansa ya girgiza, ya tambaye shi ko a wuyan wa yake.

Da safe ya zauna a bencin shagon Mai-waya, wata matashiya mai gyaran wayar hannu a tsallaken titi, yana kallon madaba'ar kamar wadda ta ci amanarsa. Sai ga wata mata ta zo da waya a cikin kwanon shinkafa, wai ta faɗa bahon wanki.

Ya miƙe zaune ya dubi Mai-waya. "'Yata, shinkafar ta mece ce?"

"Haka mutane ke yi, Kawu. Wai tana shanye ruwan. Ni dai ban taɓa ganin..."

Bai ji ƙarshen ba, ya riga ya tsallaka titi. Mene ne akwatin lantarki in ba babbar waya ba? Abin da ya warkar da ƙarami ai sai a ƙara mudu.

A kasuwa mai hatsi ya buɗe masa buhun farar shinkafa. Injiniya ya ɗiba ya murza, ya yatsina fuska.

"Wannan an cashe ta, an cire mata ƙarfi. Wace irin ƙishirwa ta rage mata? Ba ni ɗanya, mai rigarta, wadda ba inji da ya taɓa."

"Ta shuka ce fa, malam."

"Na tambaye ka tarihinta? Ɗaura mini rabin buhu."

Wannan karon bai bar kowa ya gani ba. Ya jira Baba Tawada da Allura suka fita cin abincin rana, ya ja buhun ciki ya kulle ƙofa. Ya buɗe akwatin lantarkin, ƙasansa ruwa kwance da toka, ya zazzaga shinkafa har ta rufe wayoyin ƙasa. Ya watsa a kan faranti, ya cusa a tsakanin roduna, ya zagaye ƙafafun injin da ita. Ya tuna cewa ɗumi na taimakon bushewa, amma shi da gawayi kuma har abada, sai ya rataya ƙwan fitila huɗu masu zafi, biyu a cikin akwatin, biyu a waje, ya kunna. Ya kawo sabuwar leda ya naɗe, ya liƙe har ƙasa, ya toshe tagar da kwali. Ya fito ya murza makulli sau biyu.

"Daga yau ba mai shiga sai ranar dubawa," ya sanar. "Inji na hutu."

"Me ka sa masa?" in ji Baba Tawada.

"Sirrin sana'a. Akwai abin da ba a koya a tuƙi."

Kwana shidan da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Injiniya. Ya sa aka rubuta masa allo mai cewa Shugaban Sashen Lafiyar Injuna, ya ajiye a ƙarƙashin tebur yana jiran ranar kafawa. Ya ce wa matarsa ta daina aikensa cefane, ba tsarinsa ba ne yanzu. Ya gaya wa Mai-guga cewa nan gaba kamfanoni za su riƙa turo ma'aikatansu ya koya musu, kuma zai duba ko akwai gurbin mai watsa ruwa. Da Mai-waya ta tambaye shi me ya yi da rabin buhun da ta ga yana ja, ya ɗora yatsa a leɓe ya ƙyafta mata ido. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa, ta ce wa kanta wannan kallon ba na rasawa ba ne.

A rana ta takwas Allura ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tana shinshina.

"Injiniya, ɗakin nan ƙamshin fadama yake."

"Ƙamshin sabon ƙarfe ne. Hancinki ya saba da gam."

"Tsuntsayen nan da suka taru a taga fa? Su ma ƙarfen suke so?"

Ya fita ya kore su da tsintsiya, suka tashi suka dawo.

Ranar goma ya zo da sabuwar riga da biro huɗu. Ya gayyaci kowa: Mai-guga, Mai-waya, masu shagunan layin, har da matarsa, wadda ta sha ado ta zo ganin ɗaukakar mijinta. Mai-madaba'a ta sauka daga tafiya, ko gida ba ta je ba. Jim kaɗan motar kamfani ta tsaya, wata siririyar budurwa mai tabarau ta fito da jaka a kafaɗa da takardu a hannu. Injiniya ya leƙa bayanta yana neman babban.

"Ke kaɗai ce, 'yata? Mai dubawar fa?"

"Ni ce, Baba."

Idonta ya sauka a kan farar na'urar da ke baranda, ga bokiti biyar a layi suna jiran ta. Ta dube ta, ta dubi Mai-madaba'a, Mai-madaba'a ta dubi Injiniya.

"Yaya, me wannan take yi a waje?"

"Za ki ji komai a jawabi, ƙanwata."

Ya kuwa yi jawabin. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya bayyana yadda ya kama na'urar kamfani dumu-dumu tana haifar da ruwa, yadda wasu da ba zai ambaci suna ba suka so karya masa gwiwa, da yadda ya haɗa tsari mai hawa huɗu wanda ko a ƙasashen da ake ƙera injin ba su kai ga gano shi ba. Ya ce wa 'yar kamfanin ta ji daɗinta ta rubuta, ba ya rowar ilimi. Sannan ya sunkuyo da wuya ya zura makulli.

Ƙofa na buɗewa wani ɗumi mai nauyi ya daki fuskokinsu. Tabarau ɗin 'yar kamfani ya rufe da hazo, ta cire tana gogewa da gefen riga. Ledar ta yi fari da raɓa ba a ganin komai, sai wani koren haske-haske daga ciki, wanda Injiniya ya ɗauka fitilun injin ne. Ya karɓi almakashin Allura, ya tsaga ledar daga sama har ƙasa, ya yaye ta gefe kamar mai buɗe allon tunawa.

Kowa ya miƙa wuya yana leƙe.

Injin na nan, amma sai ka nema. Farantin takarda ya zama koren fili, tsiro a tsaye cif-cif, tsawon yatsa, kowanne da ɗigon raɓa a kansa. Ta tsakanin roduna ganye ya leƙo. Ƙafafun injin sun nutse a cikin ciyawa. Kalandar da ya rufe tsatsa da ita tsiro ya huda ta a wurin ranakun hutu. Wani ƙaramin kwaɗo, Allah kaɗai ya san ta inda ya shigo, ya dube su daga kan maɓallin kunnawa, ya yi tsalle ya shige gona.

Mai-waya ce ta fara toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Masha Allah," in ji Mai-guga. "Maƙwabci, wane taki ka sa?"

"Toka," in ji Allura. "Ai kai ka yi masa ban-ruwan farko."

'Yar kamfani ta mayar da tabaranta, ta tsuguna gaban akwatin lantarkin ta ja murfin. Ya ƙi. Ta sa ƙarfi, ya buɗe da wata ƙara kamar an yage tabarma. A nan noman ya fi kyau, don fitila biyu ne a kansa. Ta kama tsiro ƙulli ɗaya ta ja a hankali, ya taso da fararen saiwoyi sun naɗe wata jar waya da shuɗiya. Ta mayar da shi yadda yake. Ta ciro ma'aunin laima daga jaka, ta riƙe shi a ɗakin, ta duba, ta girgiza shi, ta sake dubawa, ta mayar jaka. Sannan ta rufe takardar garantin, ta sa wa bironta murfi.

Baba Tawada ya juya. Ya fita baranda, ya ture bokitan mutane, ya turo farar na'urar yana gangarawa da ita ta tsakiyar taron, tayoyinta na kuka, ya kai ta lungun da take tun farko ya soka wayarta.

Mai-madaba'a ta miƙa tafin hannu. Injiniya ya yi kamar bai gani ba, yana gyara biro. Matarsa ce ta matso, ta zare igiyar daga wuyansa ta bisa kai, har ta tafi da tabaran goshinsa, ta sa makullin a hannun ƙanwarta.

"Yaya," in ji Mai-madaba'a, muryarta ƙasa-ƙasa, "kwana goma na ce ka tsare mini inji daga laima. Kana da abin cewa?"

Ya durƙusa gaban farantin, ya tsinko ganye ɗaya, ya ɗaga shi saitin fitila yana jujjuyawa, ya kai shi kusa da fuskar 'yar kamfani.

"Kafin kowa ya yanke hukunci, a dubi bakin ganyen nan. Ya fara rawaya. Duk manomi zai gaya muku ƙarancin ruwa ne, wato tsarina ya fara kama aiki. A ƙara mini kwana goma."